Ya Yi Allurar Kuma Ya Kamu, To Mene Ne Amfaninta?

Bismillahir Rahmanir Rahim. 

Akwai wata magana da ta zauna daram a bakin mutanenmu tun da korona ta lafa. Ana yin ta a majalisa, ana yin ta a teburin mai shayi, kuma ba sau ɗaya ba sau biyu ba an turo mini ita a nan shafin da sunan tambaya, alhali mai tambayar ya riga ya yanke hukuncinsa. Ga yadda take: "Malam, wane ya yi allurar har sau biyu, ya zo ya kamu. Ni ko ɗaya ban yi ba, ga ni garau. To wa aka yaudara?"

Da a ce maganar ta tsaya a kan korona kaɗai, da na bar ta ta wuce, don Hukumar Lafiya ta Duniya ma tun ranar 5 ga Mayun 2023 ta janye dokar ta-ɓacin da ta sa a kan cutar. Abin da ya hana ni yin shiru shi ne, wannan hukuncin ya tashi daga kan korona ya koma kan 'ya'yanmu. Yanzu sai ka ji magidanci ya hana a kai jariri riga-kafi, hujjarsa ita ce "ai mun gani a korona." To tunda abin da muka gani a korona ya zama hujja, wajibi ne mu zauna mu tantance me muka gani ɗin, me kuma ba mu gani ba.

Mu mutanen Kankiya da Kusada ba labari aka ba mu ba. A ƙarshen Maris na 2020 gwamnatin Aminu Bello Masari ta dakatar da sallar Juma'a da manyan taruka. Wani malami a Kusada ya ja Juma'a duk da haka, aka kama shi, washegari Asabar 28 ga wata matasa suka afka wa ofishin 'yan sanda suka banka masa wuta. An rasa rai, an kama mutane da dama. Abin lura a nan, a ranar da wannan ya faru ba a tabbatar da mutum ko ɗaya mai korona a duk faɗin jihar Katsina ba. An nemi mutane su bar masallaci saboda abin da idonsu bai gani ba. Sai bayan kwana goma aka ba da sanarwar wani likita a Daura da cutar ta yi ajalinsa. A watan Afrilun nan dai Abba Kyari ya rasu, sannan Kano ta shiga wani yanayi na mace-macen dattawa da masu haƙa kabari suka fara shaidawa kafin hukuma. Daga baya ministan lafiya na lokacin, Osagie Ehanire, ya ce an ƙirga mutum 979, kuma binciken da aka yi ya danganta kashi 50 zuwa 60 cikin 100 da korona.

Kuma kada wani ya ce zargin da mutanen Arewa ke yi wa maganin Turawa jahilci ne zalla. Ba haka ba ne. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a kan yara a Kano. Yara kusan 200 ne suka shiga gwajin, 11 suka rasu, wasu suka nakasa. Kamfanin ya ce sanƙarau ne ya yi ɓarnar, iyaye suka ce ba a ma sanar da su gwaji ake yi ba, aka yi ta shari'a har 2009 da aka sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Wanda maciji ya taɓa sara, ba a yi masa dariya don ya ga tsumma ya yi tsalle. Sai dai tsoro daban, hujja daban. Tsoro yana sa ka bincika, amma ba ya zama sakamakon binciken.

To me binciken ya nuna?

Abu na farko da ya kamata mu rarrabe shi ne, tambayoyi biyu ne aka cakuɗa mana su suka zama ɗaya. Ta farko: allurar tana hana mutum kamuwa? Ta biyu: idan ya kamu, tana hana cutar ta kai shi gadon asibiti ko kabari? Amsoshinsu ba ɗaya ba ne, kuma duk rikicin daga nan ya taso.

Mu fara da "kashi 95" ɗin nan da aka yi ta yayatawa. Mutane da yawa sun ɗauka ma'anarsa ita ce cikin mutum 100 da aka yi wa, 5 za su kamu. Ba haka ake lissafin ba. An ɗauki mutum sama da 43,000 aka raba su gida biyu, rabi aka yi musu allurar gaske, rabi aka yi musu ruwan gishiri, ba wanda ya san wacce aka yi masa. Aka zuba ido. Da waɗanda suka kamu suka kai 170 sai aka buɗe takardu, aka tarar 162 daga cikin 'yan ruwan gishiri ne, 8 daga cikin 'yan allura. Wannan tazarar ita ce kashi 95. Ka lura fa, tun a ranar farko akwai mutum 8 da suka yi allura suka kamu. Ba ɓoye su aka yi ba, suna cikin lissafin. Ita kuwa AstraZeneca, wadda ita ce ta fara isowa Najeriya ranar 2 ga Maris 2021, kusan ƙwaya miliyan huɗu ta hanyar shirin COVAX, nata lissafin tun farko bai kai haka ba, wajen kashi 70 ne.

Sannan cutar ba ta tsaya wuri ɗaya ba, ta riƙa sauya kama. Da nau'in Delta ya zo a 2021, alƙaluman Ingila sun nuna allura biyu ta AstraZeneca tana kare mutum daga kamuwa da kimanin kashi 67, ta Pfizer kashi 88. Amma wajen hana kwanciya asibiti, ta farko kashi 92, ta biyu kashi 96. Da Omicron ya ɓulla a Afirka ta Kudu a Nuwamban 2021 sai tazarar ta ƙara buɗewa sosai. A can, lissafin farko ya nuna kariyar Pfizer daga kamuwa ta faɗo zuwa kashi 33, amma kariya daga kwanciya asibiti tana wajen kashi 70. A Ingila kuwa aka ga wanda ya yi AstraZeneca biyu, bayan wata biyar kusan ba abin da ya rage masa na kariya daga kamuwa da Omicron. Don haka ɗan uwa mai cewa "wane ya yi kuma ya kamu", gaskiya ka faɗa. Ba mutum ɗaya ba ma, miliyoyi ne. Rabin maganar dai ka faɗa, ka bar rabi.

Dalilin wannan bambancin ba wani boyayyen abu ba ne. Allah Ya tsara garkuwar jikin ɗan Adam kamar tsohon birni mai ganuwa. Akwai masu tsaron ƙofa da ke yawo a cikin jini, su ne ke tare baƙo tun bai shiga ba. Waɗannan suna da yawa a makonnin farko bayan allura, sai su riƙa raguwa da watanni, kuma kamannin fuska suke ganewa, idan ɓarawo ya sake rawani yana iya wuce su. Ga shi cutar ta hanci take shiga, allurar kuma a dantse ake yin ta, tsaron da take ginawa ya fi ƙarfi a jini da huhu fiye da bakin hanci. Amma a cikin gari akwai wasu dakarun da ba sa mantuwa da wuri, kuma ba rawani kaɗai suke dubawa ba. Su ba sa hana shiga, amma da zarar an shiga sai su taso kafin wuta ta kai huhu. Shi ya sa mutum zai yi mura da zazzaɓi na kwana uku ya miƙe, a maimakon a sa masa robar iska.

Yanzu mu zo kan abin da ya fi shafata, wato ɓangaren addini da hankali. Shin sababin da ba ya tsare ka gaba ɗaya, ya cancanci a kira shi sababi?

Ku tuna ranar Uhudu, shekara ta uku bayan hijira. Malaman hadisi da na tarihi sun ruwaito cewa Manzon Allah, Sallallahu Alaihi Wasallam, sulke biyu ya haɗa a ranar, ga kwalkwali a kansa. Shi ne shugaban masu tawakkali, ba wanda ya kai shi sanin Ubangijinsa. Kuma duk da sulken an ji masa rauni. An fasa masa haƙori, jini ya zuba a fuskarsa mai albarka, har zobba biyu na kwalkwalin suka nutse a kumatunsa, sai da Abu Ubaida ɗan Jarrah ya ciro su da haƙoransa, nasa haƙoran biyu suka fita. To wa ya taɓa jin wani sahabi ya ce, tunda an sa sulke kuma an ji rauni, sulke yaudara ce, a daina sawa? Ba wanda ya faɗa, domin sun san aikin sulke. Ba a ƙera shi don ya hana takobi sauka ba. An ƙera shi don saran da zai raba rai da jiki ya koma rauni da ake jinya a warke. Har kwalkwalin da ya kare kan, shi da kansa ya yi ciwo a fuska. Ni dai ban san wani misali da ya fi wannan dacewa da maganar da muke ciki ba.

Shi dai Abu Ubaidan nan, Allah Ya ƙara masa yarda, shi ne ya tari Sayyidina Umar a Sargu lokacin da annoba ta ɓarke a Sham, ya tambaye shi ko gudun ƙaddara yake yi da ya yanke shawarar komawa Madina. Umar ya nuna masa cewa komawar ma a cikin ƙaddara take, ya buga masa misali da makiyayin da ya sauka kwari mai gefe biyu, ɗaya kore shar, ɗaya ƙeƙasasshe: duk inda ya kora raƙumansa da ƙaddarar Allah ya kora, amma mai hankali ya san inda zai nufa. Umar bai da tabbacin cewa in ya koma zai tsira, bai kuma da tabbacin in ya shiga zai mutu. Abin da ya fi rinjaye ya bi.

Wannan kuwa shi ne yadda shari'a take tafiya a mafi yawan al'amuran rayuwa. Alƙali yana yanke hukunci da shaidu biyu adilai, alhali yana yiwuwa sun yi kuskure. Matafiyi a daji yana yin ƙoƙarinsa ya fuskanci inda ya fi zaton alƙibla ce, sallarsa ta yi. Malaman Usulu suna kiran wannan zato mai rinjaye, kuma sun tabbatar ana gina aiki a kansa. Manomin Kusada da ya zuba taki a gonarsa bai karɓi takardar alkawari daga kowa ba. Wata shekarar ya zuba, ruwa ya ɗauke, ya tashi a tutar babu. Maƙwabcinsa wata shekarar bai zuba ba, ya samu abin da ya samu. Amma ka taɓa ganin manomin da ya ce daga yau ya bar taki saboda wannan? Ya san in aka jera gonaki ɗari masu taki da ɗari marasa taki, ba sai an yi musu ba. A gona mun iya wannan lissafin sarai. Da aka zo kan allura ne kawai muka ce sai dai a ba mu yaƙini ɗari bisa ɗari, abin da ba mu taɓa nema daga kowane sababi ba.

Sai rabin maganar na biyu: "Ni ban yi ba, ga ni garau." Alhamdu lillahi, Allah Ya ƙara lafiya. Amma wannan shaida tana da aibi guda da mai ba da ita ba ya gani, wato masu rai kaɗai ke iya ba da ita. Dattijon da bai yi ba, tari ya sarƙe shi, aka ce "ciwon sanyi ne" ko "tsufa ne", aka kai shi makwanci, ba ya cikin majalisar da zai ce ku dakata, ni ma ban yi ba. An saurari ɓangare ɗaya an yanke hukunci, ɗaya ɓangaren yana maƙabarta.

Haka nan alherin riga-kafi, shi ma ba ya da mai yi masa shaida. Bala'in da ya sauka kowa yana ganinsa, ana zaman makoki, ana ta'aziyya. Wanda aka tunkuɗe kuwa ba shi da alama. Ba wanda zai nuna maka gida ya ce nan da an yi rasuwa amma ba a yi ba. Bari in ƙirƙiro misali da lissafi mai sauƙi don a gane. A ce gari yana da tsofaffi 1,000, 900 sun yi allura, 100 ba su yi ba. A ce cutar tana kwantar da 10 cikin kowane 100 da ba su da kariya, allurar kuma tana rage wannan da kashi 90. Marasa allura za a kwantar da 10. Masu allura za a kwantar da 9. Wanda ya leƙa ɗakin marasa lafiya zai ga gado 19, kusan rabi masu allura ne, ya fito yana rantsuwa cewa da idonsa ya gani, ba bambanci. Bai yi ƙarya ba a kan abin da ya gani. Abin da bai gani ba shi ne mutum 81 da ke gida suna alwala, waɗanda da ba don sababin ba su ma suna kwance a wurin.

Irin wannan lissafin ne masu bincike na Kwalejin Imperial ta Landan suka yi wa duniya baki ɗaya, suka fitar a 2022 cewa a shekarar farko kaɗai allurar ta kare rayuka tsakanin miliyan 14 zuwa kusan miliyan 20. Kiyasi ne, ba ƙirga kawuna ba, ana iya jayayya a kan adadin. Wanda yake son abin da ido ya gani kuwa, ya duba Hong Kong a farkon 2022. Yawan mutanenta bai kai na jihar Katsina ba, asibitocinta kuma sun fi namu nesa ba kusa ba. Sun tsare iyakokinsu shekara biyu, amma tsofaffinsu da yawa sun ƙi allura. Omicron ɗin da ake ce wa mai sauƙi ya shiga, cikin wata biyu da rabi ya kashe kusan mutum 6,000, kusan dukkansu 'yan shekara 60 zuwa sama, mafi yawansu kuma ba su yi allura ba.

Wani zai ce, to mu a nan ai ba mu ga haka ba. Gaskiya ne, kuma ni'ima ce da ya kamata a gode wa Allah a kanta. Alƙaluman hukuma sun tsaya a kan mutum 3,100 da 'yan kai da suka rasu a duk Najeriya. Ko da yake kowa ya san a ƙauyukanmu ba a gwaji, ba a kuma rubuta dalilin mutuwa, duk da haka ba mu ga irin abin da Italiya ko Indiya suka gani ba. Babban dalilin da aka fi yarda da shi shi ne ƙuruciya: kusan rabin 'yan Najeriya ba su wuce shekara 18 ba, cutar kuwa tsofaffi da masu ciwon suga da hawan jini ta fi kayarwa. Wannan ma ya ƙara nuna inda kuskuren "ga ni garau" yake. Saurayi ɗan shekara 25 da ya ƙi allura ya tsira, abin da aka fi zato ke nan tun asali. Matsalar ita ce ranar da ya ɗauki tsirarsa ya mayar da ita fatawa ga mahaifinsa mai shekara 70 da ciwon suga. Ya auna haɗarin wani da ma'aunin jikinsa.

Ba zan bar ɗaya ɓangaren ba, don su ma suna da nasu kason. Masu kira zuwa ga allurar da yawa sun zarce abin da ilimi ya ba su. Shugaban Amurka na lokacin, Joe Biden, ya fito a Yulin 2021 ya ce wa mutanensa wanda ya yi allurar ba zai kamu ba. Bayan shekara guda shi da kansa ya kamu. A nan gida ma saƙon da ya isa kunnen talaka a taƙaice shi ne "yi allura ka tsira", ba a tsaya an yi masa bayanin bambancin kamuwa da tsanani ba, wataƙila don ana ganin ba zai gane ba. Wannan raini ne, kuma cin amanar magana ne ko da niyyar kirki aka yi shi. Mutumin da ya san bambancin taki da ruwan sama zai gane wannan in an faɗa masa. Da ka yi wa mutum alkawarin ɗari ka ba shi saba'in, ba zai ga saba'in ɗin ba, talatin ɗin da ta ɓace zai riƙa ƙirgawa. Da an ce masa tun farko saba'in ce, da ya karɓa da godiya. Sai kuma aka zo a Disambar 2021 aka lalata ƙwaya sama da miliyan ɗaya a Abuja don wa'adinsu ya ƙare, saboda ƙasashen da suka ba da su kyauta sai da suka kusa lalacewa suka turo. Mai zargi ya samu abin kamawa.

Batun illa ma a faɗe shi yadda yake. AstraZeneca ta haddasa wani irin daskarewar jini ga mutane ƙalilan, kimanin ɗaya cikin 50,000 zuwa 100,000 a lissafin Ingila, kuma wasu sun mutu ta dalilinsa. Pfizer da Moderna kuma an ga kumburin tsokar zuciya ga wasu samari, mafi yawansu sun warke. Ba a raina ran mutum ɗaya. Amma dubi abin da aka yi da aka gano: a 2021 Ingila ta daina ba 'yan ƙasa da shekara 30 AstraZeneca, daga baya ta ɗaga zuwa 40, ta ci gaba da ba tsofaffi, domin ga tsoho haɗarin cutar ya ninka na allurar nesa, ga matashi kuwa tazarar ba ta da yawa. Wannan shi ne auna maslaha da ɓarna da muke karantawa a littattafan fiƙihu, a ɗauki ƙaramar cuta don kauce wa babba, kuma hukuncin yana sauyawa da sauyawar halin mutum.

Af, akwai wani abu da ba a cika son a taɓo ba. Da gwamnatin tarayya ta wajabta wa ma'aikatanta nuna kati daga Disambar 2021, Saudiyya kuma ta sa allurar cikin sharuɗɗan Hajjin 2022, an samu waɗanda suka sayi kati ba tare da allura ta taɓa jikinsu ba. Wannan shaidar zur ce a rubuce, da mai saye da mai sayarwa, balle a ce da ita za a tafi ɗakin Allah. Kuma ka ga wani abin: irin wannan in ya kwanta ciwo, a idon mutane yana cikin "waɗanda suka yi allura suka kamu."

Abin da nake tsoro ga kaina da 'yan uwana masu hawa mumbari da masu rubutu a Facebook shi ne nauyin kalma. Idan na ce wa mutum kada ya yi, ya ji maganata don yana ganin girman rawanina, ya bar mahaifiyarsa ba kariya, ta tafi, ajalinta ne ya zo, ba shakka. Amma zuwan ajali bai taɓa wanke wanda ya yi magana ba da ilimi ba. Wanda ya tura makaho rami ba ya kare kansa da cewa an rubuta zai faɗa. Sanin Nahawu da Tafsiri bai mayar da ni likita ba, kamar yadda likita ba ya raba gado don ya iya tiyata. A nan Kankiya muna da babban asibiti, muna da makarantar koyon aikin lafiya da 'ya'yanmu ke fitowa daga cikinta. Ba Turawa ba ne, yaranmu ne, tare muke sahu da su, su ma 'ya'yansu suke yi wa allurar nan. Tambayarsu ta fi sauƙi a kan tura saƙon murya da ba a san wanda ya naɗe shi ba.

Dattawanmu da yawa har yanzu suna da tabon lamba a dantse. Ku tambaye su agana, yadda take huda fuska ta makantar da yaro. Tun 1980 aka shelanta ta ƙare a duniya, yau matashi bai ma san kamanninta ba. Ku tambayi Fulanin da ke kewayenmu bushiya, wadda ke share garke guda, ita ma a 2011 aka tabbatar ta ƙare. Shan inna da muka yi ta ja-in-ja a kanta a 2003, har Kano ta dakatar da riga-kafinta kusan shekara guda cutar ta yaɗu zuwa wasu ƙasashe, a Agustan 2020 aka tabbatar nau'inta na asali ya bar Afirka. Allurar korona ba ta kai waɗannan ƙarfi wajen hana kamuwa ba, ba ta kuma kawar da cutar ba, wannan a bayyane yake. Kowace allura da irin aikinta da iyakarta. Zalunci ne a ɗauki iyakar ɗaya a yanke wa sauran hukunci da ita.

Kuma ga abin da ke gabanmu. Tun ƙarshen 2022 mashaƙo ya dawo Arewa, Kano ce ta fi jin jiki, Katsina ma tana cikin jihohin da ya taɓa. Cuta ce da ke shimfiɗa wata fata a maƙogwaron yaro har numfashi ya gagara, mafi yawan waɗanda ta kama yara ne, kuma mafi yawansu ba su kammala riga-kafi ba. Allurarta ba sabuwa ba ce, an yi shekaru da dama ana amfani da ita tun kafin a haifi iyayen yaran nan. Tana cikin wadda ake kira Penta, ana yi wa jariri a mako na 6, da na 10, da na 14, kyauta, a asibitin sha-ka-tafi na unguwa. Wanda aka yi wa ɗaya aka tsaya bai kammala ba, kuma yaron da lokacinsa ya wuce ba a yi masa ba, har yanzu ana iya kai shi da katinsa a duba abin da ya rage masa. Jariri ba ya iya zaɓa wa kansa, uban da aka ba amanarsa ne ke cewa a je ko kada a je.

Allah Ya jiƙan waɗanda muka rasa a wannan annoba, waɗanda aka ƙirga da waɗanda ba a ƙirga ba. Wallahu a'alam.